Onarabul da Aljihun Wandona

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, har in koma ina tambayar jikokina hanyar masallaci, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zo neman auren 'yata ta fari ba. (Kada ku jira in faɗi sunanta. Uba ba ya kiran sunan 'yar fari, kuma wannan ce kaɗai kunyar da ta rage min a duniya, ku bar ni da kayata.) A ranar na gane cewa karin magana ba ya hana cizo.

Bari in ɗauko muku daga tushe. Ni ban yi nisa a karatu ba. Allo na kai inda malam ya gaji da ni, boko kuwa ranar da aka ce kowa ya zo da aski na yi musu sallama. Da damina noma nake yi a nan Rurum Sabon Gari, da rani kuma mu zauna a gindin tsamiya muna karta muna laƙaba wa masu wucewa suna. Da aka kawo Shari'a majalisar karta ta tashi. Abokaina wasu suka bar gemu, wasu suka shiga siyasa, masu wayon cikinsu suka haɗa biyun. Ni gemun bai karɓe ni ba, tsilli-tsilli ya fito kamar gero a gonar da ba taki. Siyasar kuma iyakata ƙofar gidan kansilanmu, inda muke tsugunawa muna gadin hannunsa da ido. In hannun ya nufi aljihu mu miƙe, in ya wuce ya sosa cinya mu koma mu zauna.

A cikin wannan zaman kashe wando na tsinci damo. Wata damina ina noman gyaɗa a bayan duwatsu, fartanya ta tono shi, ɗan mitsitsi, bai fi tafin hannu ba in ka cire wutsiya. Na ɗaga fartanya zan gama da shi, sai ya tsaya yana kallona, bai gudu ba, bai ko motsa ba. Na ce lallai ba a banza aka ce damo sarkin haƙuri ba. Na sa shi a hula na kawo gida.

Mai ɗakina Asabe ta leƙa hular ta ce, "Malam, miya za a yi?"

Na ce, "Kiwo za a yi."

Ta ce, "Mutane dai tumaki suke kiwo."

Na ce, "Tumaki ana sacewa."

Sai ta yi irin kallon nan da mata ke yi wa rufin ɗaki in suna tuna wanda ya ɗaura musu aure.

Na raɗa masa suna Onarabul, kuma ba don tsokana kaɗai ba, halinsa na duba. Duk tsawon rani ba ka ganinsa, yana can ƙuryar rami, ko ka kira har muryarka ta dishe ba zai leƙo ba. Da ruwa ya sauka, kakar cinsa ta kama, sai ga shi a ƙofar kowa yana jan tumbi. Harshensa biyu ne. Ƙwai kuwa ba ya fasawa balle ya raba, haɗiye shi yake ɗungurungum. (Labarin sunan ya je kunnen kansilanmu, ya yi dariya har da buga ƙafa, ya ce ai ya gane, da na mazaɓar maƙwabta nake.)

Onarabul yana cin fara, yana cin kwaɗi, yana cin dodon-koɗi, amma abin da ya fi so a duniya ƙwan zabi ne. Zabin kuwa na Asabe ne, kuma Asabe ta san kowace zabuwa da inda take saka. Don haka sai na ƙirƙiro dabara. In na faki ido na ɗauke ƙwai, sai in jefa shi a aljihun wando, in fito tsakar gida ina fito kamar wanda bai san komai ba. In na zo kusa da raminsa sai in tsuguna kamar ina duba ƙaya a ƙafa, in zura hannu a aljihu, in zaro in miƙa masa a baki. Tun yana ƙarami haka muke yi. Har ya zama abin kallo, mutane su taru a ƙofar gida in ce, "Ku tsaya ku ga biyayya." In tsuguna, in sa hannu a aljihu, sai ga shi a guje yana rangaji. Ana tafi, ni kuma kai yana kumbura.

Abin da ban lura da shi ba, Onarabul yana girma. Ya kai tsawon hannuna, ya wuce. Wuyansa ya yi kauri, farce ya yi ƙarfi. Da can yana jira in fito da ƙwan. Sai ya koma yana tarar hannun a bakin aljihu. Sai ya fara huci yana kumbura in na yi jinkiri, yana zabga wutsiya kamar bulalar malamin allo. Wata rana ya haɗa ƙwai da yatsa.

A makon nan akuyar Asabe ta kama zawo, aka ɗora min ita a kan babur zuwa wurin malamin dabbobi a Rano. Yaro ne matashi mai tabarau. Yana cikin yi wa akuya allura ya hangi tsumman da na naɗe yatsa da shi.

"Baba, me ya same ka?"

"Ƙaya ce."

Ya kwance tsumman ya duba. "Ƙaya mai jerin haƙora?"

Da na ga ba mafita na ba shi labari. Na zaci zai yi dariya, sai ya gyara zama kamar an kawo masa babban baƙo. Ya ce ai Turawa ma suna kiwon wani ɗan'uwan damo, wai shi tegu, daga wata ƙasa can ƙetaren teku, kuma masu shi haka suke fama da cizo lokacin ci. Ya ce daga yau kada in ƙara ba shi abinci da hannu, in je wurin maƙeri in samo dogon awartaki. In zaɓi wuri ɗaya, nesa da inda yake kwana, can kaɗai zai riƙa ci. Kafin in ba shi in buga kwano, don ya san ƙarar kwano ce abinci, ba hannuna ba. In na taɓa ƙwai in wanke hannu kafin in taɓa shi. Kuma da damina kada in bar shi da yunwa yau in cika shi gobe.

Ya ce, "Ba mugunta ba ce, Baba. Shi ba kai ya sani ba, aljihun ya sani."

Wannan magana ta ɓata min rai. Na ce, "Yaro, kafin a haifi wanda ya rubuta littafinku kakanninmu suka naɗa damo sarkin haƙuri."

Ya ce, "Da rani suka naɗa shi, Baba, lokacin da ba ya cin komai. Ai kowa ma mai haƙuri ne in ba ya jin yunwa."

Na ɗauki akuyata na yi gaba. Da na dawo gida na mayar da zancen abin dariya, ina kwaikwayon yadda yake gyara tabarau. Ashe yarinyar nan, 'yata ta fari, tana bakin murhu tana ji. Ita ba ta da yawan magana, ba ni ta biyo ba. Ba ta ce da kowa komai ba, ta aika aka ƙero mata awartaki a maƙera, ta samo wani tsohon kwanon sha da ya huje. Duk ranar da ba na gida, sai ta je gindin zogalen bayan madafa ta buga kwano, Onarabul ya zo, ta miƙa masa rabonsa daga nesa, ya haɗiye ya juya. Da na ji labari na ce to madalla, an buɗe wa Onarabul makarantar boko, har da ƙararrawa. Ni dai na ci gaba da aljihuna. Boko ta taɓa korata sau ɗaya, ba za ta biyo ni har gida ba.

Ana haka wani yaro ya fito neman aurenta. Nuhu sunansa, ɗan Fammar, ɗan gidan malamai, shi ke taya mahaifinsa koyar da yara. Yadda na san tana son sa, duk ranar da aka ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida, tuwo ƙonewa yake. Mutanensa suka yi bincike kamar yadda aka saba. A kan yarinya, ba wanda ya faɗi aibu. A kan uwa, sai yabo. Da aka zo kan uba, aka ce duk wanda aka tambaya sai ya sosa ƙeya, sannan ya ce, "Wai mai ƙadangaren nan?" Gidan malamai ya rabu biyu, wasu suna cewa a yi, wasu suna cewa jini ba ya ƙarya. A ƙarshe babban baffan yaron, Malam Ɗayyabu, wanda maganarsa ce yankan wuƙa a gidan, ya ce shi da kansa zai jagoranci masu neman auren, ya ga gidan da idonsa. In ya gamsu a yi, in bai gamsu ba kowa ya riƙe nasa.

Wana Alhaji Sule shi ne waliyyinta. Hatsi yake sayarwa, kuma duk ƙasar Rano an san mudunsa ba ya ƙwange, bakinsa ba ya ƙarya. (Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Mahaifiyarmu takan ce shi aka fara zubawa, ni aka kankare min ƙanzo.) Ya kira ni zaure ya ce, "Abu biyu. Dabbar nan ta bar gidan nan. Ranar kuma, ka san al'ada, uba ba ya zama. Ka tafi kasuwar Kibiya, kada ka dawo sai rana ta yi sanyi."

Na ce, "To, Yaya."

Ya ce, "Wannan 'to' ɗin naka na san ta tun kana rarrafe."

Da yamma ina zaune a ƙofar ɗakina sai ga yarinyar nan ta zo ta durƙusa, kanta a ƙasa, tana wasa da bakin mayafi. Can ta ce, "Baba, don Allah. Rana ɗaya ce." Ta tashi ta tafi. Tun da aka haife ta ba ta taɓa roƙona ko alawa ba.

Washegari na sa Onarabul a buhu, na saɓa a kafaɗa, na bi ta tsakiyar gari don kowa ya shaida. Alhaji Sule yana ƙofar shagonsa ya gan ni, ya gyaɗa kai. Na hau dutse na kwance buhu. Onarabul ya fito, ya dubi daji, ya dubi sama, ya juyo ya zuba wa aljihuna ido. Ni kuma a wautata na ɗauka ni yake kallo. Na ce wa zai ba wannan maraya ƙwai a cikin duwatsu? Na mayar da shi buhu, na jira aka shiga sallar la'asar, na zagayo ta bayan gida, na zura shi ta taga cikin ɗan ɗakin da ke manne da zaure, inda muke ajiye harawa da garma da gawar wani tsohon keke. Ƙofar ɗakin ta langa-langa ce, cikin zauren take buɗewa, da waya ake ɗaure ta. Na ce in baƙi sun tafi ya fito, wa zai sani?

Sai dai ban yi lissafin gwaggonni ba. Kafin ranar gida ya cika da su, sun zo gyara da soye-soye, kowace kusurwa ka juya akwai ido. Ƙwan zabi kuwa Asabe ta tattara shi kaf ta kulle don baƙi. Ko fara na kamo, kafin in kai taga sai wata ta ce, "Malam, me ake nema a bayan zaure?" Haka Onarabul ya shiga azumin dole a tsakiyar damina, lokacin da cikinsa ya fi kowane lokaci buɗewa.

Ranar ta zo. Na sa riga mai kyau, na tsaya a tsakar gida na ɗaga murya, "To, ni na tafi Kibiya! Akwai mai saƙo?" Na yi sallama da kowa har da makahon kusa da masallaci. Na miƙe hanya, da na kai inda gero ya yi tsayi na faɗa ciki, na zagayo, na haura ta taga.

Za ku ce me ya kai ni. Gaskiya ita ce so nake in ji abin da za a faɗa a kaina. Mutum ba ya samun damar jin abin da za a ce a jana'izarsa, to ga dama ta zo har zaurena, kyauta.

Ɗakin zafi kamar tanda. Na tuɓe riga na rataye a kan keke, daga ni sai singileti mai huji da wani tsohon wando wanda tazugensa ya sha ƙulli har ba a gane asalinsa. Na leƙa cikin harawa na hangi bakin wutsiyar Onarabul, shiru, ko motsi. Na ce ka ga sarkin haƙuri, yaro mai tabarau ya zo ya gani. Na tsuguna a bayan ƙofa na liƙa ido a hujin ƙusa.

Baƙi suka yi sallama. Malam Ɗayyabu tsoho ne siriri, farin rawani, farin gemu, carbi a hannu, ga wasu malamai matasa biyu a bayansa ɗauke da goro da alawa. Aka zauna a tabarma. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi ruwa, aka tambayi gero, aka koma aka sake tambayar gida. Ƙafata ta fara sanyi. Can Malam ya yi gyaran murya.

"Ina mahaifin yarinyar?"

Alhaji Sule ya ce, "Ya tafi Kibiya, Malam. Kun san kunyar 'yar fari."

"Madalla. Ashe akwai kunya."

Na ji wani sanyi ya ratsa ni.

"Sai dai, Alhaji, mun ji ana cewa mutum ne mai yawan wasa."

"Da ne, Malam. Yanzu girma ya zo. Ba shi da mugunta ko ta ƙwayar gero, kuma bai taɓa barin iyalinsa da yunwa ba."

Jama'a, tun da nake da Yaya bai taɓa yabona a gabana ba. Har ƙwalla na ji.

"To, dabbar da ake magana fa?"

"Da idona na ga ya sa ta a buhu ya nufi dutse. Ni kuwa ba na faɗin abin da ban gani ba."

Malam ya ce, "Kowa ya san ka, Alhaji. Maganarka ta ishe mu."

Daɗi ya kama ni. Ni kuwa ina da wata ɗabi'a, in daɗi ya kama ni sai na ci goro. Ga ni a tsugune. Na zura hannu a aljihun wando.

Ban ga tahowarsa ba. Harawa kawai na ji ta yi fuu, sai na ji an datse min babban yatsa ta cikin ƙyallen aljihu, kamar an rufe ƙofar mota a kai. Ihun ya taso tun daga cibiya, na tare shi a maƙogwaro, na cire hula da hannun hagu na cusa a baki. Na tuna yarinyar nan da "rana ɗaya ce." Na ce yau ko yatsan zai tafi ba zan yi ƙara ba. Na fara karanto duk abin da na haddace a allo. Ban daɗe ba ya ƙare. Na sake daga farko.

Onarabul da ya ji ƙwan nan ya ƙi haɗiyuwa sai ya fara girgiza kai, wutsiya tana dukan langa-langa, ƙwam, ƙwam, ƙwam.

Malam ya ce, "Alhaji, mene ne wannan?"

Yaya ya ce, "Ina jin kaji ne, Malam, ko gafiya."

Na miƙe a hankali ko zai saki. Bai saki ba, sai ya biyo ni sama yana reto. Da ya ji ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa sai ya fara neman wurin takawa, ya kafa farce a cinyata yana hawa. Yatsa na iya haƙura da shi. Amma inda farcen nan ya nufa wuri ne da ɗa namiji ba ya tsayawa shawara a kansa. Na yi tsalle da baya, na daki ƙofa, waya ta tsinke, tazuge ya ce shi ma ya gaji.

Sai ga ni a tsakiyar zaure.

Ku dubi hoton da kyau, don mutanen Fammar har yau suna ba da shi dalla-dalla. Singileti mai huji. Hula a baki. Harawa a ka. Hannun dama a aljihu, damo ƙato yana lilo a jikinsa. Hannun hagu ya cafke wando a daidai inda mutunci ya ƙare. Ɗaya daga cikin matasan malaman ya riga ya kai bakin titi, takalmansa suna nan. Ɗayan ya haye buhunan masara yana karanto addu'ar da ban taɓa jin irinta ba. Alawa ta watse. Alhaji Sule ya buɗe baki, ya kasa rufewa. Malam Ɗayyabu kaɗai bai motsa ba, carbinsa ma bai tsaya ba.

To, tarbiyya tarbiyya ce. Ka ga suruki dole ka gaishe shi. Na durƙusa da damona, na tofar da hula, na ce, "Sannunku da zuwa, Malam. Yanzun nan na dawo daga Kibiya."

Ya dube ni, ya dubi Onarabul, ya dubi ƙofar da na fito. Ya ce, "Sannu da hanya. Da alama kasuwa ta yi kyau."

Nan Yaya ya farfaɗo. Ya rarumi sandar da ake tokare ƙofa ya ɗaga. Na ce, "Yaya, yatsana yana ciki!" Ya ce, "Na sani!" Na kan buhu yana cewa a zuba masa ruwa. Wani daga waje yana cewa ai damo ba ya saki sai an yi tsawa, ga sama kuwa tas, ko gajimare babu. Mata sun taru a bayan ƙofar cikin gida, ina jin salatin Asabe da na gwaggonni. Na kasa kunne ko zan ji kukan yarinyar nan, ban ji ba, kuma rashin jin ya fi cizon ciwo. Na ce shi ke nan. Abu ɗaya ta taɓa roƙona a duniya, na haɗa shi da goro na cinye.

Sai muka ji ƙwan, ƙwan, ƙwan.

Onarabul ya tsaya cak. Aka sake bugawa. Ya buɗe baki, ya faɗo tim a kan tabarma, ya juya, ya bi ta gaban Malam yana rangaji kamar mai zuwa karɓar rantsuwa, ya nufi ƙofar cikin gida. Ga ta nan a durƙushe a bakin ƙofa, ta ja mayafi har hanci, tsohon kwano a gefenta, ta miƙo awartaki da ƙwai a bakinsa. Yarinyar da ya kamata a ce tana can ƙuryar ɗaki, ko inuwarta surukai ba su gani ba. Ta ce, "Ina wuninku." Sannan ta riƙa ja da baya a hankali, Onarabul yana bin ƙwai, har suka ɓace wajen zogale.

Alhaji Sule ya ajiye sanda ya ce, "Malam, wallahi ban sani ba. Ni ban taɓa..." Malam ya ɗaga masa hannu, ya juyo gare ni.

"Kai ma da ƙarfen nan kake ba shi?"

"A'a, Malam. Da hannu. Daga aljihu."

"Ita ya taɓa cizon ta?"

"Ko kusa."

"Tun yaushe take zaune da ku biyun?"

Na ce, "Ni tun haihuwarta. Shi daga baya ya zo."

Sai na ga kafaɗun tsohon suna rawa. Ba sauti, rawani kawai ke girgiza. Ya kama bakin rawanin ya share ido, ya ce, "Alhaji, mun zo ganin uba, mun kuwa gan shi, har fiye da abin da muka nema. Amma yarinyar da ta tashi tsakanin waɗannan biyun, ta san yadda ake bi da kowannensu, ba abin da zai gagare ta a gidanmu. Mu ma muna da dattawa irinsu a Fammar, wutsiya ce kawai ba su da ita. Muna nema wa ɗanmu. A ba mu."

Yaya ya ce an ba su, da muryar wanda aka tsamo daga rijiya. Aka kira na bakin titi ya dawo, na kan buhu ya sauko, aka ɗaga hannu za a yi fatiha. Na fara sakin wando zan ɗaga nawa. Malam ya ce, "Kai riƙe abinka. Hannu ɗaya ya isa, Allah ya san uzurinka."

An yi biki bayan kaka. Alhaji Sule bai yi min magana ba sai da aka kai gero rumbu, kuma har gobe in ka tambaye shi ina ƙaninsa sai ya ce, "Ban sani ba, ku duba bayan ƙofa." A Fammar sunana Na-Kibiya. In yaro ya ɓuya don kada a aike shi, sai uwarsa ta ce ya tafi Kibiya. Ranar ɗaurin aure an sa mutum musamman ya buɗe ɗan ɗakin zaure ya duba kafin liman ya fara.

Ranar da za a kai ta, aka kawo ta ta yi min sallama. Ta durƙusa tana kuka, ni kuma ina kallon katanga kamar yadda uban 'yar fari ke yi. Da za ta tashi sai ta zaro wani abu daga cikin mayafi ta ajiye a gabana. Awartaki ne da tsohon kwano. Ta ce, "Baba, ka riƙa bugawa kafin ka ba shi." Na ce hayaƙin girki ya yi yawa a gidan nan, na shige ɗaki.

Tun daga ranar nake buga kwano kamar ɗan makaranta, kuma Onarabul bai ƙara taɓa ni ba. Na koma Rano da wata akuyar, yaro mai tabarau ya ga tabon yatsa ya ce, "Baba, wata ƙayar ce?" Na ce ya yi allurarsa.

Amma karatun bai gama shiga ba sai da kakar zaɓe ta zagayo. Muna tsugune a ƙofar gidan kansila, ya fito, hannunsa ya nufi aljihu. Kafin in ankara na gan ni a tsaye, wuya a miƙe, baki a buɗe, ina ture wani tsoho da gwiwar hannu. Kansila ya zaro hankici ya fyace majina. Na dubi idanun mutanen da ke kewaye da shi, na gane idanun, na taɓa ganin su a kan dutse. Tabon yatsana ya yi min zugi. Na matsa na ce, "Ranka ya daɗe, shawara kyauta. Duk wanda ka saba wa aljihu, ba kai ya sani ba, aljihun ya sani. Ka nemi awartaki."

Ashe na makara da shawarar. Yana cin zaɓe ya tare a birni, kuma awartakinsa ya fi na kowa tsawo, don har yau bakinsa bai iso Rurum ba.

Ni dai na ɗauki nawa darasin. Goro yanzu a hula nake ajiye shi. In kuma na ce da iyali na tafi Kibiya, to har rakiya ake yi min zuwa tasha.